Ruwan da Ya Rage a Tanki

Tun da na ajiye aiki, da wuya a yi wata guda wani matashi bai tare ni a ƙofar masallacinmu na Mile 3 ba, ya ce, "Baba Inuwa, don Allah a yi mini hanya in shiga kwana-kwana." In na tambayi dalili, amsar ɗaya ce: aikin gwamnati ne, ga kaki, ga zama. Wani ma ya taɓa ce mini yana dariya, "Ai sunan ya faɗi aikin, Baba. Kwana ne kawai." Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya wuce ta gaban tasha ya ga ƙarti a kan benci suna dara, abin da zai faɗa ke nan. Bai san kunnen kowannensu yana wajen waya ba. To, tunda yau kun taru da yawa, ku gyara zama ku ji, sannan mai so ya ce yana so.

A nan Fatakwal aka haife ni. Mahaifina mahauci ne, shanu ya biyo daga ƙasar Kano ya zauna. Na tashi da Hausa a cikin gida, da buroka, wato Turancin kasuwa, a waje. Lokacin da na shiga aikin kashe gobara, ni kaɗai ne Bahaushe a tasharmu, aka haɗa ni da wani dattijo ɗan garin nan mai suna Oga Chinda. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana.

Ranar farko da ya ba ni mesa na riƙe, a filin bayan tasha ne, babu wuta babu hayaƙi. Na riƙe ta kamar yadda ake riƙe tiyon wanke mota. Ya ɗaga wa mai injin ruwa hannu. Ban san sanda na tsinci kaina a ƙasa ba, mesa tana ta bulala a filin kamar an taka wa maciji wutsiya, bakinta na ƙarfe ya wuce ta gefen kunnena. Da ya same ni a kai, da yau ba ni ke ba ku labari ba. Oga Chinda ya tsaya a kaina ya ce da buroka, ruwa ma yana kashe mutum, ba wuta kaɗai ba. Wata uku na yi ina koyon tsayuwa kawai: ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, mesa a ƙarƙashin hammata, na bayanka ya dafe kafaɗarka. Sannan naɗe mesa. Ku kan ga kamar wasa ne, amma in aka naɗe ta ba daidai ba, ranar da ake bukata za ta harɗe a tsakiyar titi, mutane na ihu, kai kuma kana warwara. Sannan tsani, da gatari, da babban almakashin yanke ƙarfe, da tukunyar iskar da ake goyawa a baya a shiga cikin hayaƙi. Kowace safiya sai mun taɓa kowane ɗaya da hannu. Oga ba ya yarda ka ce "yana nan." Sai ka ɗauko ka nuna.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gane cewa wuta iri-iri ce. Wani mai sayar da fetur a jarka ya taɓa kiranmu da hantsi. Ƙaramar wuta ce ta kama a rumfarsa, maƙwabta suka yi ta sheƙa mata ruwa da bokiti don taimako. Fetur ya hau kan ruwan ya bi lambatu yana ci, kafin mu iso wutar ta yi tafiyar gida huɗu. Wutar fetur, kumfa take so, ko yashi. Wutar lantarki kuwa in ka zuba mata ruwa ba a yanke layi ba, ta cikin ruwan za ta biyo ta same ka. Tukunyar gas da ta yi zafi ba a matsa mata, daga nesa ake sanyaya ta, a bayan bango. Duk wannan sai ka gane shi daga launin hayaƙi da warinsa, tun kana kan mota ba ka sauko ba.

Kuma ba wuta kaɗai ake kiranmu ba. An kira mu wani bijimi ya ƙwace daga mayanka ya faɗa ramin masai, muka yi rabin yini da igiya da katako kafin ya fito, yana fitowa kuma ya kore mu gaba ɗaya. Wata mata ta zo tasha da ƙafarta, zobe ya shige yatsa ya kumbura, muka yanke shi a hankali tana salati da yarenta. Mun ciro masu haƙar rijiya da iskar ƙasa ta sumar. Mun yanke ƙofar mota a hanyar Inugu don a fitar da direba. Da damina, in ruwa ya cika unguwa, mu ne ke goyon tsofaffi. Akwai kuma aikin da ba wanda yake so: zagaya shaguna muna duba wayoyin lantarki, muna cewa a raba janareto da jarkar mai, a bar hanyar da mota za ta shiga. Ni ake turawa wajen mutanenmu, saboda harshe. Za a ba ni kujera, a kawo lemo, a ce, "Malam Inuwa, ai tsaro sai Allah." In ce haka ne, amma Allah ne ya ba mu hankali. A yi dariya, in tafi, a bar komai yadda yake.

Mutanen da muke yi wa aiki suna da hali guda, kowace ƙabila. Ba sa kira sai wuta ta fi ƙarfinsu. Za su kira maƙwabci, su kira ɗan'uwa a Anacha su faɗa masa, sannan wani ya tuna da mu. In mun taso, ga gosulo, ga 'yan okada da ba sa jin jiniya, ga masu talla sun cinye rabin titi. In mun iso a ce mun makara. Kuma mutane suna zaton motar kwana-kwana kogi ce. Ba kogi ba ce. Tanki ne, in ka buɗe mesa biyu da ƙarfi, kafin ka gama shan shayi kofi guda ya ƙare. Daga nan sai ka koma ɗibo, wuta kuwa ba ta jira.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ba na mantawa.

A shekarar nan motocinmu biyu suka kwanta, aka yi ta jiran kayan gyara ba su zo ba. Saura ɗaya, tsohuwa, ita ma sai an lallaɓa. Injin da ke cika mana tukwanen iska ya lalace, tukwanen suna rataye a bango babu komai a ciki. Kumfa ta ƙare. Duk ƙarar waya a lokacin sai ka ga mun kalli juna. Oga Chinda ya daina zama a benci, kullum yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa tanki da yatsa, yana sauraro.

Wata Juma'a, ana gab da shiga huɗuba, ina shirin neman izini in tafi masallaci, waya ta yi ƙara. Wuta a wani layin shagunan kayan abinci, inda mutanenmu ke ajiye wake da albasa da shinkafa, can ciki bayan tashar mota. Na san layin kamar tafin hannuna. Shaguna ne na kwano a jere, silin ɗinsu a haɗe yake daga farko har ƙarshe, kuma mafi yawansu na wani dattijo ne, Alhaji Ɗan'azumi, abokin mahaifina, wanda ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Sau uku ina zuwa wajensa a kan wayoyin layin nan.

Muka fita mu biyar. A hanya na riga na hango hayaƙin, baƙi ƙirin, mai nauyi, na san ya taɓa manja. Da muka iso bakin layin, mota ta ƙi shiga. An kafa tebura da rumfunan leda a hanyar da muka ce a bari. Dole muka tsaya a titi muka ja mesa mai tsawo, muna tsallake buhuna da kwanduna. Shaguna uku na farko sun riga sun tafi. Wutar tana bin cikin silin, ba ka ganinta, sai dai ka ga kwano yana canza launi yana tafiya. Masu shagunan duk suna masallaci, kowace ƙofa da kwaɗo.

Oga Chinda ya duba sau ɗaya ya yanke shawara. Ya ce a bar ukun da suka kama, a tsaya a shago na bakwai a fasa silin a tare ta a can. In ruwan ya kai, za mu ceci fiye da rabin layin. Dabara ce mai kyau, kuma ta fara aiki. Muka fasa, muka saka ruwa, wutar ta tsaya tana huci.

A nan ne na ji wata murya a bayana, cikin hayaniyar mutane. Wani ɗan dako ne, babban mutum, ya riƙe kai da hannu biyu yana faɗa da Hausa, ba da kowa yake ba: "Habu na ciki. Wayyo Allah, Habu na ciki." Mutum fiye da ɗari a wurin, 'yan sanda na nan, abokan aikina na nan, babu wanda ya san abin da yake faɗa. Sun ɗauka kukan kaya yake.

Na miƙa wa na bayana mesa na cafko shi. "Wane Habu? Ina?"

"Abokin aikina ne, ranka ya daɗe. Zazzaɓi yake tun jiya. Ya shiga bayan buhuna ya kwanta, Alhaji bai sani ba ya kulle ya tafi masallaci."

"Wane shago?"

Ya nuna na biyar. Tsakanin wutar da inda muka tsaya. Shagon da muka riga muka sallama.

"Ka gan shi da idonka ya shiga?"

"Ni na ba shi ruwa ya sha magani."

"Ka ga fitarsa?"

"Ban gani ba. Na je kai kaya, na dawo na tarar da wannan."

Na ruga na faɗa wa Oga. Ya kalli shagon, ya kalli mai inji a bakin titi. Mai inji ya ɗaga hannu ya nuna da yatsu: saura kaɗan, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ku fahimci abin da ke gaban Oga. Ruwan nan ba zai yi aiki biyu ba. In ya bar shi a shago na bakwai, watakila layin ya tsira. In ya juyo da shi ya rufa wa mai shiga na biyar, wutar za ta tsallake ta cinye sauran. Kuma ba wanda ya tabbata mutumin yana ciki, balle a ce yana da rai.

Ya tambaye ni, "Inuwa, you sure?"

Na ce ban tabbata ba, amma mutumin nan ba ƙarya yake ba.

Ya juya ya ce a kawo mesar.

Da mutane suka ga an janye ruwa daga inda yake aiki, sai ihu ya tashi. A daidai lokacin aka sallame daga masallaci, masu shaguna suka iso a guje da manyan riguna. Ni dai ina gaban ƙofa da almakashi. Kwaɗon ya yi zafin da safar hannuna ta fara wari. Na yanke shi. Ba a buɗe irin wannan ƙofa gaba ɗaya, don iska abincin wuta ce. Na tura kaɗan, hayaƙi ya fito kamar an buɗe bakin tanderu. Babu tukunyar iska. Na jiƙa rawanin wani da aka miƙo mini na ɗaure hanci, na kwanta rub da ciki. Oga da kansa ya riƙe mesa, ya buɗe ta feshi a kaina kamar laima.

A cikin hayaƙi ido ba ya aiki. Hannu ne ido. Hannun hagu a jikin bango, kada ka sake shi, don shi zai dawo da kai. Hannun dama yana lalube. Na taɓa buhu, na taɓa buhu, na taɓa sikeli. Sama da ni kwano yana ƙara, narkakkiyar leda tana ɗiga a bayana. Ina kira, "Habu! Habu!" ba amsa, sai tari ya sarƙe ni. Na ji ƙarfin ruwan da ke sauka a kaina ya fara raguwa, na san abin da hakan yake nufi. Na ce a raina buhu uku zan ƙara, in ban same shi ba in juya. A na biyu hannuna ya faɗa kan tafin ƙafa.

Ban tsaya duba ko yana numfashi ba. Na kama ƙafafun biyu na ja da baya, ina bin bango da kafaɗa. Ruwan ya yanke saura taku kamar huɗu in kai ƙofa. Hannuwa suka kamo ni ta wuyan riga suka fizgo mu tare. Abin da ya ceci Habu shi ne a ƙasa yake kwance, fuskarsa a bakin wata 'yar kafa da ɓeraye suka yi a gindin bango. Oga ya danna masa ƙirji, ya yi tari, ya amayar da baƙin abu. Aka ɗora shi a motar wani mai albasa aka yi asibiti.

Kafin motarmu ta je ɗibo ta dawo, wutar ta tsallake shago na bakwai. Muna tsaye da busasshiyar mesa a hannu muna kallo. Babu abin da ya fi wannan tsayuwar muni a aikinmu. Waɗanda suka zo daga baya ba su ga fitar da Habu ba, abin da suka gani shi ne 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa. Ban san wanda ya fara jifa ba. Dutse na farko ya sami hular kwanona. Na biyu ya sami Oga Chinda a ido, don ya cire tasa hular yana share fuska. Na tsaya a gabansa ina ɗaga hannu ina cewa da Hausa, "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Rai aka ciro!" Wani ya ce, "Har da kai, Inuwa? Kayan iyayenka ne ke ci!" Ɗan dakon nan ne ya shiga tsakani, yana rantsuwa yana ba da labari, har aka lafa.

Alhaji Ɗan'azumi yana tsaye gefe, bai yi jifa ba, bai hana ba. Da yamma, bayan wata mota ta zo daga wata tasha an kashe sauran, na je na durƙusa na yi masa jaje. Ya amsa. Sannan ya ce, "An ce da kun bar ruwan a inda yake, da layin ya tsira."

Na ce, "Watakila, Baba."

"Wa ya ce a janye?"

"Ni na kai maganar."

Ya kalli toka, ya ce, "Ni na kulle ƙofar nan da hannuna." Ya juya ya tafi. Ya fi shekara in na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Ban taɓa sanin ko fushi yake da ni ko kunya yake ji ba, kuma ban tambaya ba. Amma shi ya ɗauki nauyin jinyar Habu har ya warke, ya sa aka kai shi garinsu. Ranar da Alhaji zai rasu, ina cikin waɗanda ya ce a kira, na je, ya riƙe hannuna.

Idon Oga Chinda bai dawo ba. Ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar. Na je gaishe shi a gida, na ce masa ina jin nauyin abin, tunda ni na kawo maganar. Ya ce in daina shirme, wake ana sake nomawa. Abin da ya dame shi kawai, ya ce, shi ne da babu mai jin Hausa a motar ranar nan, da mun tsaya muna ta murna mun ceci shaguna, mutum yana gasuwa taku goma daga inda muke, ba mu sani ba sai an zo kwashe toka. Ya ce wannan tunanin ne ke hana shi sakewa, ba idon ba.

Shi ya sa ba na hana ku shiga. Ina so ku shiga, ana bukatar masu jin harshen mutanenmu a kowace mota, a nan da Anacha da Inugu. Amma ku shiga da sanin cewa wata rana za a ba ku ruwan da bai isa ba, a ce ku zaɓa, kuma duk abin da kuka zaɓa akwai wanda zai tsine muku.

An sake gina layin nan. Ku je ku gani, ya fi da matsewa. Hanyar mota ta zama shaguna biyu, a bakin layin kuma wani ya buɗe wurin ɗura gas, taku kaɗan daga mai suya. Na yi magana har na gaji, yanzu ba ni da kaki, ba mai kawo mini ko kujera. Abin da ya rage mini shi nake yi. Duk Juma'a nakan fito da wuri in bi ta layin, bayan an rufe shaguna. Kowace ƙofa mai kwaɗo sai na buga ta da sandata, in kara kunne, in ce, "Akwai mutum a ciki?" Masu gadi suna mini dariya, suna cewa tsufa ya kama Baba Inuwa. Makon jiya, a ƙofa ta tara, wani ya amsa.